Yadda Ake Ajiye Wurin da Ɗan Wasa Ya Tsaya a Fayil, a Kuma Mayar da Shi Can

Duk abin da wasa ya sani yayin da yake gudana yana zaune ne a RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, ita kuwa da zarar an rufe wasan ta zubar da komai. Shi ya sa mai wasa zai yi awa guda yana tafiya, ya fita, ya dawo ya tarar da kansa a bakin ƙofar farko. Maganin shi ne a rubuta wurin da ya tsaya a fayil, a karanta shi idan ya dawo. Rubutawar layuka kaɗan ce, kowa zai iya. Inda ake shan wuya shi ne lokacin da ya dace a rubuta, da kuma abin da za a yi idan fayil ɗin ya dawo ba yadda aka bar shi ba.

Zan yi bayani da Godot 4, injin ƙera wasannin kwamfuta, wanda ya fito a watan Maris na 2023, domin kyauta ne kuma ba ya da nauyi. Idan na ce ɗan wasa, ina nufin halittar da ke yawo a kan allo. Idan na ce mai wasa, ina nufin mutumin da ke riƙe da maɓallai.

Kayan aiki

Kana bukatar Godot 4 a kwamfutarka. Ka tabbata 4 ɗin ne, domin a Godot 3 sunayen kayan fayil daban ne kuma kod ɗin nan ba zai tashi ba. Sai ƙaramin wasa da ka riga ka fara, mai ɗan wasa nau'in CharacterBody2D da ke tafiya da tsalle, da fage (scene) aƙalla biyu. Fage ɗaya ma zai yi, amma da biyu ne kurakurai ke fitowa fili. Sai manhajar buɗe rubutu irin Notepad don leƙa cikin fayil ɗin da idonka. Ba sai ka ƙware a GDScript, harshen kod na Godot, ba. Idan ka san yadda ake rubuta `func` da `if`, ya isa.

1. Ka san abin da za ka ajiye

A wasa mai fuska biyu (2D), wurin ɗan wasa lambobi biyu ne: x, nisa daga hagu zuwa dama, da y, nisa daga sama zuwa ƙasa. A Godot y tana ƙaruwa ne idan an gangara, saɓanin abin da aka koya a darasin lissafi, don haka kada ka firgita in ka ga lamba mai alamar ragi lokacin da ɗan wasa ya hau tudu.

Godot na riƙe da wurin ta hanya biyu. `position` tana auna shi daga uwar da yake ƙarƙashinta a jerin kayan fage, `global_position` kuma daga asalin duniyar wasan. Ta biyun za ka ajiye. Idan ka ɗauki ta farko, komai zai tafi daidai har ranar da ka matsar da uwar ko ka sa ɗan wasa cikin mota, daga nan sai ka riƙa ganinsa yana ɓullowa a wani wuri can dabam.

Lambobin nan biyu ba su da ma'ana su kaɗai. Wurin da yake kan gada a fage na ɗaya zai iya zama tsakiyar dutse a fage na biyu. Saboda haka dole sunan fagen ya shiga. Na huɗu kuma lambar siga (version) ta tsarin fayil ɗin, wadda za ka ga amfaninta can gaba.

2. Ka zaɓi inda fayil zai zauna

Godot na da hanyoyi biyu: `res://`, inda kayan wasan suke, da `user://`, inda aka keɓe wa mai wasa. Kuskuren da ya fi cin masu koyo shi ne rubutu a `res://`. Abin haushin, yana aiki lafiya lau muddin kana gwaji a cikin Godot. Ranar da ka fitar da wasan ka ba mutane, an dunƙule kayan cikin kunshi guda da ba a rubutu a cikinsa, sai ajiya ta daina yi ba tare da wani ihu ba.

Ka yi amfani da `user://` tun daga ranar farko. A Windows tana cikin `%APPDATA%\Godot\app_userdata\`, a Linux `~/.local/share/godot/app_userdata/`, kowanne da folda mai sunan wasanka. Ba sai ka haddace ba: a menu na Project akwai Open User Data Folder, zai kai ka kai tsaye. Ka lura cewa sunan foldar daga sunan wasan yake fitowa. In ka sauya wa wasan suna, Godot zai buɗe sabuwar folda, tsohuwar ajiya ta zama kamar ta ɓata alhali tana nan.

3. Ka samar wa ajiya mazauni na dindindin

Ana son sa kod ɗin ajiya a jikin ɗan wasa, domin shi ne mafi kusa da hannu. Ba na ba da shawarar haka. Duk lokacin da aka sauya fage, Godot na shafe tsohon fagen har da ɗan wasan da ke ciki, alhali kana bukatar wani abu da zai rayu ya riƙe bayanan tsakanin fage da fage.

Ƙirƙiri sabon fayil ɗin kod mai suna `ajiya.gd`. Shiga Project Settings, nemi Autoload, wanda a sabbin fitowa yake ƙarƙashin Globals, ka ƙara fayil ɗin ka ba shi suna `Ajiya`. Daga yanzu kowane sashe na wasan zai iya kiransa da wannan sunan, kuma sauya fage ba ya taɓa shi.

4. Rubuta aikin ajiyewa

```gdscript
extends Node

const HANYA = "user://ajiya.json"
const SIGA = 1

var jiran_wuri = null

func ajiye(wuri: Vector2) -> bool:
	var bayanai = {
		"siga": SIGA,
		"fage": get_tree().current_scene.scene_file_path,
		"x": wuri.x,
		"y": wuri.y,
	}
	var fayil = FileAccess.open(HANYA, FileAccess.WRITE)
	if fayil == null:
		push_error("An kasa rubuta ajiya: %s" % FileAccess.get_open_error())
		return false
	fayil.store_string(JSON.stringify(bayanai, "\t"))
	fayil.close()
	return true
```

Na zaɓi JSON, wani tsarin ajiye bayanai a rubutu, don ɗan adam zai iya karanta shi. Lokacin koyo wannan ya fi komai daraja, domin idan abu ya lalace za ka buɗe ka ga ko laifin rubutawa ne ko na karantawa.

Dubi yadda na raba x da y. JSON bai san Vector2 ba, wato nau'in da Godot ke dunƙule x da y a cikinsa. Lambobi ya sani, da rubutu, da jeri, da ƙamus, da gaskiya ko ƙarya. Idan ka miƙa masa Vector2 a dunƙule ba zai ƙi ba, zai mayar da shi rubutu ne kawai, ranar karantawa ka karɓi jimla maimakon wuri.

Yanzu ka je Input Map cikin Project Settings, ka ƙirƙiri `ajiye` ka ɗaura masa maɓallin K, da `loda` ka ɗaura masa L. A kod ɗin ɗan wasa:

```gdscript
func _unhandled_input(event):
	if event.is_action_pressed("ajiye"):
		Ajiya.ajiye(global_position)
	elif event.is_action_pressed("loda"):
		Ajiya.loda()
```

Ba mu rubuta `loda` ba tukuna, don haka kada ka taɓa L. Kunna wasan, yi tafiya, danna K, sannan ka buɗe fayil ɗin. Abin da ya kamata ka gani kusan haka ne:

```json
{
	"fage": "res://fage_daya.tscn",
	"siga": 1,
	"x": 412.5,
	"y": 287.92
}
```

Naka zai iya zuwa da dogon jerin lambobi bayan ɗigo, ba laifi. Kada ka wuce wannan mataki sai ka ga fayil ɗin da idonka.

5. Rubuta aikin karantawa, kuma kada ka yarda da fayil ɗin

A nan zan daɗe, domin a nan ne wasanni ke mutuwa a hannun mutane. Fayil ɗin da ka rubuta jiya ya kwana a kwamfutar wani. Wataƙila babu shi sam, domin yau ne mai wasa ya fara. Wataƙila wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu, ya rage rabi. Wataƙila wani mai ƙiriniya ya buɗe ya sauya lambobi, ko kuma kai da kanka ka sauya wa fagen suna a sabuwar fitowa. Kowanne daga cikinsu zai faru in dai wasan ya samu masu yi, saboda haka sai an tantance kafin a karɓa.

```gdscript
func karanta():
	if not FileAccess.file_exists(HANYA):
		return null
	var fayil = FileAccess.open(HANYA, FileAccess.READ)
	if fayil == null:
		return null
	var bayanai = JSON.parse_string(fayil.get_as_text())
	fayil.close()
	if typeof(bayanai) != TYPE_DICTIONARY:
		return null
	if not bayanai.has_all(["fage", "x", "y"]):
		return null
	if typeof(bayanai["x"]) != TYPE_FLOAT or typeof(bayanai["y"]) != TYPE_FLOAT:
		return null
	var fage = str(bayanai["fage"])
	if not fage.begins_with("res://") or not ResourceLoader.exists(fage):
		return null
	return bayanai
```

Kowane `if` ƙofa ɗaya yake tsarewa. Na farko don sabon mai wasa. Na `TYPE_DICTIONARY` don fayil da ya lalace, domin `parse_string` na dawo da `null` idan rubutun ya karye. Na ƙarshe yana tabbatar da cewa fagen na nan, kuma daga cikin kayan wasanka yake. Fage a Godot na iya ɗauke da kod, don haka bai kamata wani ya rubuta hanyar wani fayil na waje a ajiyarsa wasanka ya buɗe shi ido rufe ba.

Wani abu da ke ruɗa mutane: duk lambar da ta fito daga JSON a Godot tana fitowa ne a matsayin mai ɗigo, ko da 1 ka rubuta. Ga x da y hakan daidai ne. Amma ga siga, ko yawan rai, ko kuɗin cikin wasa, sai ka nannaɗe ta da `int()` kafin ka yi aiki da ita.

6. Mayar da ɗan wasa wurinsa

Abin da hankali zai fara kawowa shi ne ka kira `change_scene_to_file`, a layi na gaba ka nemo ɗan wasa ka ɗora shi a wurin. Ba zai yi ba. Godot ba ya kafa sabon fage nan take, sai ya gama abin da ke hannunsa, don haka a layin nan na gaba sabon ɗan wasan bai wanzu ba. Dabarar ita ce Ajiya ta riƙe wurin, ɗan wasan ya zo da kansa ya karɓa idan ya tashi.

```gdscript
func loda() -> bool:
	var bayanai = karanta()
	if bayanai == null:
		return false
	jiran_wuri = Vector2(bayanai["x"], bayanai["y"])
	get_tree().paused = false
	get_tree().change_scene_to_file(bayanai["fage"])
	return true
```

A jikin ɗan wasa kuma:

```gdscript
func _ready():
	if Ajiya.jiran_wuri != null:
		global_position = Ajiya.jiran_wuri
		Ajiya.jiran_wuri = null
		$Camera2D.reset_smoothing()
```

Layin da ke mayar da `jiran_wuri` fanko ƙarami ne, amma ka cire shi ka gani: duk ƙofar da mai wasa ya bi zuwa sabon fage, zai sauka a tsohon wurin ajiya. Layin `paused` na wanda ke lodawa daga menu ne bayan ya dakatar da wasa, domin dakatarwar ba ta tashi don an sauya fage, sai sabon fage ya buɗe a sandare. Shi kuwa `reset_smoothing` yana hana kyamara tahowa a hankali daga farkon fage zuwa inda ɗan wasa yake. In ba ka da Camera2D a ƙarƙashin ɗan wasa, share layin.

Idan wasanka fage ɗaya ne tak, kana iya tsallake sauya fage ka ɗora `global_position` kai tsaye. In ka bi wannan hanyar, ka haɗa da `velocity = Vector2.ZERO`. In ba haka ba, wanda ya danna L yana cikin faɗowa zai isa wurin ajiya da saurin faɗowarsa.

A shafin farko na wasan, ka yi amfani da `karanta()` don sanin ko za a kunna maɓallin ci gaba. Idan ta dawo da `null`, ka dusashe shi, a fara sabon wasa.

7. Yaushe ya dace a ajiye?

Ka ɗauka mai wasa ya yi tsalle, ya kuskure, yana faɗawa rami, sai ya danna K ko wasan ya ajiye da kansa. Daga yanzu duk lokacin da ya loda zai tashi a iska ya mutu, ya sake lodawa ya sake mutuwa. Fayil ɗin lafiyarsa ƙalau, lambobin daidai suke, amma ajiyar ta zama kurkuku. Mutum zai yafe wa wasa abubuwa da yawa, wannan kam da wuya.

Hanya mai sauƙi ita ce ka riƙa tuna wuri na ƙarshe da ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ka sa `var wurin_aminci = Vector2.ZERO` a saman kod ɗin ɗan wasa, ka sa `wurin_aminci = global_position` a ƙarshen `_ready`, sannan a `_physics_process`, bayan `move_and_slide()`:

```gdscript
	if is_on_floor():
		wurin_aminci = global_position
```

Sai ka riƙa miƙa wa `Ajiya.ajiye` wannan maimakon `global_position`. Bai rufe komai ba. Dandamali mai motsi ma ƙasa ne a wurin Godot, kuma bayan an loda zai koma inda ya faro, ya bar ɗan wasa a kan iska. Haka ma ƙasar da ke rushewa, ko wurin da abokin gaba ke sintiri.

Shi ya sa ni na fi son tashoshin ajiya ga duk wasan tsalle-tsalle. Ka dasa Area2D a wuraren da ka san babu haɗari, ka haɗa siginar `body_entered`, idan ɗan wasa ne ya shiga ka ajiye wurin tashar ba na ɗan wasan ba. Kai ka zaɓi wurin, ka san ƙasa ce mai ƙarfi. Ajiya a ko'ina ta fi dacewa da wasan da ake kallo daga sama, inda babu ramin faɗawa.

Kada kuma ka sa ajiyewa cikin `_physics_process` wai don kada a rasa komai. Sau 60 yake gudana a daƙiƙa ɗaya a tsarin da Godot ke zuwa da shi. Sabunta `wurin_aminci` sau 60 ba komai ba ne, a RAM yake, amma rubuta fayil sau 60 wahalar da na'ura ce a banza. In kana son ajiya ta kai-da-kai, Timer mai bugawa duk minti ɗaya ko biyu ya wadatar.

Don ajiyewa lokacin fita, ƙara wannan a jikin ɗan wasa:

```gdscript
func _notification(what):
	if what == NOTIFICATION_WM_CLOSE_REQUEST or what == NOTIFICATION_APPLICATION_PAUSED:
		Ajiya.ajiye(wurin_aminci)
```

Na farko na kwamfuta ne, idan an rufe taga. Na biyu na waya ne, inda mutane ba sa rufe wasa, ficewa kawai suke yi, daga baya Android ta kashe shi ba sallama. Wajen gwaji ka rufe tagar wasan da hannunka. Maɓallin tsayarwa na Godot kashe wasan yake yi kai tsaye, sanarwar ba ta isowa.

8. Kare fayil daga yankewar rubutu

`FileAccess.WRITE` na share abin da ke cikin fayil tun a lokacin buɗewa, kafin a rubuta ko harafi ɗaya. In wasan ya mutu a wannan tsakanin, tsohuwar ajiya ta tafi, sabuwa ba ta zo ba. Hausawa sun ce kada ka zubar da ruwan tulu don ka ga hadari. Ka rubuta a wani fayil na wucin gadi, sai ya kammala ka sauya masa suna ya hau kan na ainihi.

Ƙara `const NA_WUCI = "user://ajiya.tmp"` a sama, ka sa shi a madadin `HANYA` a layin `FileAccess.open` na cikin `ajiye`, sannan ka maye gurbin `return true` da wannan:

```gdscript
	return DirAccess.rename_absolute(NA_WUCI, HANYA) == OK
```

Mai son ƙarin tsaro zai iya kwafe tsohon fayil zuwa `ajiya.bak` da `DirAccess.copy_absolute` kafin sauya sunan, ya koya wa `karanta` ta leƙa can idan na farko ya ƙi.

9. Amfanin lambar siga

Wata rana za ka ƙara yawan rai ko jakar kaya a ajiya, alhali mutane na riƙe da tsofaffin fayiloli da ba su da su. Ga sabon abu irin wannan, `bayanai.get("rai", 3)` ya isa: in babu, a ba shi 3. Siga tana shigowa ne idan ma'anar tsohon abu ta sauya, misali ka sake gina fage na biyu har tsofaffin wurare suka koma cikin bango. Sai ka ɗaga `SIGA` zuwa 2, ka ce duk fayil mai siga 1 a wannan fagen a ajiye ɗan wasansa a bakin shiga. Wannan ma wata hujja ce ga masu tashoshi: in sunan tasha ka ajiye maimakon x da y, ko ina ka matsar da ita ajiyar na biye da ita.

10. Gwaji

Yi ƙoƙarin karya abin da kanka. Ajiye a fage na biyu, rufe wasan gaba ɗaya, buɗe, loda. Goge fayil ɗin ka loda. Buɗe shi ka share rabinsa. Sauya x ta zama kalma. Sauya sunan fagen zuwa wanda babu. Danna K kana tsakiyar tsalle. A duk waɗannan wasan bai kamata ya mutu ba. Daga ƙarshe ka fitar da shi ka gwada a wata na'ura da ba ta taɓa ganinsa ba, domin a can ne matsalar hanya ke bayyana.

Idan kayanka sun bambanta

Wasa mai fuska uku: ƙara z, ka ajiye `rotation.y` don ya dawo yana fuskantar inda ya fuskanta; ka tuna a can y sama take ƙaruwa. In ba ka son raba lambobi, `store_var` da `get_var` sun san Vector2 da Vector3, sai dai fayil ɗin ba ya karantuwa da ido, kuma kada ka kunna zaɓin da ke ba su damar ɗauko cikakkun abubuwa daga fayil, domin ta nan baƙon kod ke shigowa. Akwai `open_encrypted_with_pass` ga mai son kulle ajiya da kalmar sirri. Zai hana mai ɗan leƙe, amma kalmar tana cikin wasan, mai naci zai tono ta. Ga wasan mutum ɗaya ban ga abin wahalar ba. Wanda ya sauya lambobinsa, wasansa ya sauya.

A Unity, wani injin ƙera wasanni, makwafin `user://` shi ne `Application.persistentDataPath`, sai `JsonUtility` don mayar da bayanai rubutu. PlayerPrefs na jan masu koyo don sauƙinsa, amma an yi shi ne don ƙananan saituna kamar ƙarfin sauti, kuma a Windows cikin rajistar tsarin yake zuba su. Idan ɗan wasanka na da CharacterController, kashe shi kafin ka sauya `transform.position`, ka kunna bayan nan, in ba haka ba zai iya mayar da shi inda ya fito. Mai aiki da Python da Pygame kuwa yana da `json` a hannu, da `os.replace` don matakin sauya suna, sai dai shi zai zaɓi foldar ajiya da kansa, kuma ya zaɓe ta a cikin foldar mai amfani da kwamfutar, ba inda aka girka wasan ba.